Figaggiya, Kakar Dodanni

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, mu ji ta da kunnenmu.

To ku matso. Kai Cindo, ɗauke ƙafarka daga kan zanena. Ke kuma Hajo, ajiye gyaɗar nan tukuna, na san ki da dariya, kada ki shaƙe a ce ni ce.

Wata tsohuwa ce a wani gari da ake kira Gangaren Ɗorawa. Sunanta Tabawa, sana'arta daddawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun shiga uwa duniya, gwiwoyinta sun ƙi ta. Daga ɗakinta zuwa rijiya sai ta zauna ta huta, ta tashi, ta sake zama ta huta. Ba ta da kowa a gidan sai kyanwa guda ɗaya.

Kyanwar nan kuwa, ku tsaya ku ji. Da daminar bara aka haife ta, a bayan tukunyar daddawa. 'Yan'uwanta duk suka fito da gashi luf-luf, mutane suka zo suka rabe su. Ita kuwa ta fito kamar kazar da aka fara figa, aka ji sallama, aka ajiye. Gashi nan ɗaya, can ɗaya, baƙi da furfura a cakuɗe. Kewayen idonta babu gashi. Hancinta babu gashi. Bakinta babu gashi, sai fata. Ga kunnuwa a tsaye, ga ƙafafu sirara, ga idanu ruwan ɗorawa ƙuru-ƙuru. Wanda ya gan ta da tsakar rana ma sai ya nemi tsari. Mutanen gari suka sa mata suna Figaggiya, sunan kuma ya bi ta.

Abin da ya ɓata lamarin, Figaggiya tana son mutane. Da mai gudun jama'a ce, da an zauna lafiya. Amma ina. Kowa ta gani sai ta je ta gaishe shi.

Ta je ta gai da mai tallar nono. Mai nono ta waiwayo, suka haɗa ido, ta saki ƙwarya. Nono ya malale, ludayi ya yi gabas, mai nono ta yi yamma.

Ta je ta gai da wanzami, yana tsakiyar yi wa wani mutum aski. Ta goga jikinta a ƙafarsa. Wanzami ya duba ƙasa, ya yar da aska, ya haura katanga. Mutumin ya yini yana yawo da rabin kai a aske.

Ta je ta gai da Maigari.

Maigarin nan Barmo sunansa, kuma ni dai ba na son halinsa, gara in faɗa muku tun yanzu. Mutum ne mai ji da kansa. Gemu gare shi har cibiya, kullum cikin taje shi yake, yana shafa masa mai, yana juya shi dama da hagu don a gani. Ran nan yana zaune a zaure, dattawa sun kewaye shi, ya lumshe ido yana shafa gemu. Sai ya ji abin da yake shafawa yana da ɗumi, kuma yana gurnani. Ya buɗe ido. Figaggiya ce ta hau cinyarsa ta kwanta, ta ɗago kai tana kallonsa da fara'a.

Maigari ya yi ƙara irin wadda bai taɓa yi ba tun yana goye. Ya zabura, rawani ya warware, ya taka gemunsa da kansa, ya faɗi rub da ciki a gaban dattawa. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Faɗuwar ba ta yi masa ciwo kamar rawar kafaɗun nan ba.

Ya aika aka ɗauko Tabawa. Ya ce abin da take ajiye da shi ba kyanwa ba ce, don kyanwa da gashi aka san ta. Ya ce ya ba ta zuwa ranar kasuwa. In ranar kasuwa ta zo dabbar nan ba ta yi gashi irin na kowace kyanwa ba, a fitar da ita daga garinsa, kada ta sake waiwayowa.

Tabawa ta ce, “Ranka ya daɗe, ita kaɗai ke gare ni. In ta fita, tare za mu fita.”

Maigari ya ce, “To ku fita tare. Ƙofa a buɗe take.”

Kowa a zauren ya san abin da maganar nan take nufi. Gari mafi kusa yana hayin kogi, bayan daji. Tsohuwar da ba ta kaiwa rijiya sai ta huta, ina za ta kai hayin kogi? A hanya za ta ƙare.

Tabawa ta koma gida ta fara ɗaure kayanta. Ta ɗaure tukunya, ta zauna ta yi kuka. Ta ɗaure tabarma, ta zauna ta yi kuka. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta. Figaggiya tana gefe tana kallo, abin ya dame ta ƙwarai. Gari na wayewa ta ce, “Inna, kada ki ɗaure sauran. Gashi ne, ai ba wata ba ne a sama. Zan je in samo.”

Ta fita. Ta tarar da rago a turke, ga geza ta sauko masa har ƙirji. Ta tsaya nesa kaɗan don kada ya firgita, ta rera:

“Figaggiya ce, ta gidan Tabawa,
Ba tuwo nake roƙo ba, ba miya,
Gashi kaɗan, ko na bayan wuya,
Kada tsohuwata ta ƙare a hanya.”

Rago ya ɗago kai, ya gan ta, ya zagaye turke da gudu har igiya ta naɗe shi. Da numfashinsa ya dawo, ya ce ta yi haƙuri. Ya ce gezar nan ita tumaki suke kallo su san rago ne, in ya bayar sai a riƙa kiransa tunkiya. Ya ce ta gwada jaki.

Ta tarar da jaki a bakin rafi. Ta rera masa:

“Figaggiya ce, ta gidan Tabawa,
Ba tuwo nake roƙo ba, ba miya,
Gashi kaɗan, ko na bayan wuya,
Kada tsohuwata ta ƙare a hanya.”

Jaki ya yi tutsu, ya harbi iska, ya harbi iska, sannan ya tsaya. Ya juya mata bayansa ya ce ta duba da kyau, mangala ta cinye gashin wurin tun tuni. Abin da ya rage masa sai ɗan na ƙarshen wutsiya, shi ma da shi yake shari'a da ƙuda. Ya ce ta gwada ungulu, ita ce mai yawon duniya.

Ta tarar da ungulu a kan kukar mahauta. Ta rera mata waƙar nan tata. Ungulu ba ta firgita ba, don ta ga abin da ya fi wannan. Dariya ta yi. Ta yi dariya, ta yi dariya, har ta zamo daga reshe ta kama na ƙasa.

Ta ce, “Ke 'yar nan, dubi kaina da kyau. Wurina kika zo neman gashi?”

Da ta share hawayen dariya, sai ta ce in dai gashi ake nema, yana Kurmin Tsamiya wurin dodanni. Can gashi har taka shi ake yi. Sai dai dodannin nan su ne masu ɗauke awakin gari, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya shiga kurmin ya fito ba. Ta ce amma Figaggiya ta je abinta, in ba ta dawo ba ita za ta leƙo ta ga abin da aka rage.

Figaggiya ta tuna tukunyar da aka ɗaure. Ta kama hanyar kurmi.

Tana tafe, tana tafe, tana tafe. Ciyawa ta fi ta tsawo, ta kutsa. Ƙaya ta kama ta, babu gashin da za ta riƙe, ta sake ta. Da la'asar ta isa gindin wata tsamiya wadda reshenta ya rufe sama. Sai ta ga wani tulin gashi a bakin hanya, ya kai rumbu girma. Ta ce a ranta, kai, yau na dace, ga shi an tara mini. Ta miƙa hannu za ta ɗiba. Tulin gashi ya motsa, ya buɗe ido.

Dodo ne, mai tsaron ƙofa.

Figaggiya ta sandare. Ta buɗe baki za ta yi waƙa, murya ta ƙi fita. Ta so gudu, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ta tsaya ƙiƙam tana kallonsa da idanun nan nata, shi ma yana kallonta. Ya dubi fuskarta. Ya dubi ƙafafunta. Ya dubi furfurar bayanta. Ya zube ƙasa rim, ya ɗebi ƙura ya zuba a ka, ya ce, “Ranki ya daɗe, Kaka. Sannu da zuwa, Kaka. A gafarce ni, Kaka, ban ga tahowarki ba.”

Yanzu bari in gaya muku abin da Figaggiya ba ta sani ba. Su dodanni ba sa ƙirga shekaru kamar mu. Da gashi suke gane babba. Ana haifar dodo da gashi buzu-buzu har ba a ganin idonsa. Sai ya daɗe, ya daɗe, ya daɗe a duniya, sannan sili ɗaya ya faɗi. Mai yawan gashi shi ne yaro, mai ƙarancin gashi shi ne babba, kuma a wurinsu babba ba a ƙetare maganarsa ko da wasa. Sarkinsu, wanda ake kira Sanƙau, da ɗan sanƙo ya ci sarauta, wanda bai wuce faɗin faifai ba. To ku dubi wannan, ku dubi Figaggiya.

Mai tsaron ƙofa ya ruga ciki yana shela. Dodanni suka firfito daga kogo, daga rami, daga kan tsamiya. Duk wanda ya gan ta sai ya zube. Kafin a jima fili ya cika da tulin gashi, kowa na cewa sannu Kaka, sannu Kaka. Figaggiya dai ba ta ce komai ba, tsoro ya riƙe mata harshe. Su kuwa suka ce ku ji shirun manya.

Shirun nan ya yi mata rana, don a cikinsa ta saurara, ta ji abin da suke raɗa wa juna, ta gane inda aka dosa. Sai ta zauna, ta naɗe wutsiya, ta fara lasar hannunta a hankali kamar ba ta ga kowa ba.

Sarki Sanƙau ya iso. Shi bai zube ba, ya ɗan rusuna kawai, don yana jin tsoron kujerarsa. Ya ce yana da tambaya, in Kaka ta yarda. Ya ce me ya sa ta ƙanƙance haka?

Figaggiya ta ce, “Tsufa ne, yaro. Da na fi tsamiyar nan. Kai ma in ka daɗe za ka motse.”

Dodanni suka ce gaskiya ne, gaskiya ne.

Sanƙau ya ce to ko ta san kakansa, Sarki na farko?

Figaggiya ta ce, “Wannan mai fitsarin kwance? Ni na goya shi. Wurin da ya jiƙa mini a baya, ga shi nan, har yau gashi bai sake fitowa ba.”

Dodanni suka leƙa bayanta, suka ga wurin, suka kama baki. Wata dodanniya ta ƙyalƙyale da dariya, aka zungure ta.

Sanƙau ya gyara tsayuwa. Ya ce to me ya kawo Kaka wurin jikokinta?

Figaggiya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai. Ta ce ta zo ne ta ga ko sun girma, sai ta tarar da su jiya i yau, kowa da gashi har ƙasa kamar jiya aka yanke masa cibiya. Ta ce abin kunya ne. Ta ce a kawo mata kai nan ta rage musu gashin.

Sai wuri ya ɓarke da sowa.

Ga dalili. A dokar dodanni, ba mai tsige gashin kansa, ba mai tsige na sa'ansa. Babba ne kaɗai yake da ikon tsige na yaro ya ƙara masa girma. Babbansu kuwa Sanƙau ne, shi kuma tun da ya hau mulki bai taɓa tsige wa kowa ko sili ɗaya ba, don kada wani ya kamo shi. Sun daɗe suna jin haushin abin, ba dama su faɗa. Yau ga Kaka ta zo da farata.

Aka yi layi, aka ture juna, aka tattake juna. Figaggiya ta hau kan mai tsaron ƙofa, ta sa farce, fizge, fizge, fizge. Ya miƙe da sanƙon da ya fi na Sarki. Ya taɓa kansa, ya ji fata, ya kama rawa. Ta hau kan na biyu, fizge, fizge, fizge. Ta hau kan na uku. Ɗa ya tashi ya girmi ubansa, uban ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ruga ya shiga layi. Mata ta girmi miji, ta aike shi ɗebo ruwa, ya tafi ba musu. Ƙane ya girmi wa, wa ya girmi kawu, kawu ya zauna yana kuka yana cewa a duba shi. Kowa na durƙusa wa kowa, kowa na tashi, ba wanda ya san wa zai gaida.

Sanƙau ya duba hagu, ya ga sanƙo. Ya duba dama, ya ga sanƙo. Ya ga ya zama ɗan autan kurmi yana tsaye. Nan take ya zube, ya ja ciki har gabanta, ya ce Kaka ta dubi zumunci, ta dubi kakansa da ta goya. Figaggiya ta bar shi ya ɗan jira, sannan ta hau kansa ta yi masa tas, har wuya, har kafaɗa. Ya miƙe yana ƙyalli, ya koma Sarki, aka yi guɗa.

Ta sa aka tattara gashin aka ɗaure, ya yi dami guda. Ta ce to, jikoki, ita za ta koma inda take zaune, a ɗora mata kayanta. Suka ce a'a. Suka ce ba a taɓa yi ba, babba ya taka ƙasa yara na kallo. Ta ce ta yafe. Suka ce su ba su yafe wa kansu ba. Ta ce garin da nisa. Suka ce shi ya sa. A nan ta kwana, ana yi mata fifita, ita kuwa tana ta neman dabara, don gobe ce ranar kasuwa, kuma ba ta yi shirin zuwa da baƙi ba.

Da hantsi kasuwar Gangaren Ɗorawa ta cika. Maigari Barmo ya sa an fito masa da shimfiɗa ƙofar gida, ya zauna ya baza gemu. Tabawa tana zaune a gefe a kan ƙullin kayanta, da sanda a hannu. Tun da sassafe ta taso, sai yanzu ta iso. Ba ta ga kyanwarta ba tun jiya, idanunta sun kumbura.

Sai aka ji ƙasa na rawa, dim, dim, dim. Aka ga ƙura daga wajen kurmi. Aka ga kawuna suna ƙyalli a rana. Dodanni ne, garke guda, suna tafe suna rawa. A gaba Sarki Sanƙau, a tsakiyar kansa Figaggiya ta harɗe, tana ta zamewa saboda santsi tana gyara zama.

Kasuwa ta watse. Mai nono ta sake sakin ƙwarya. Mahauci ya shige ƙarƙashin teburinsa, mai tukwane ya kifa babbar randa a kansa, marina suka faɗa cikin rijiyoyin baba suka fito da ido kawai. Dattawa suka haye rumbu da gudun da ba a san suna da shi ba. Maigari ya zabura, ya sake taka gemunsa, ya sake faɗuwa. Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba, Tabawa, don ba ta da gwiwar gudu.

Dodanni suka sauke Figaggiya a hankali, suka ajiye damin gashi. Sai wata dodanniya ta hango Maigari a ƙasa yana wutsil-wutsil, ga gemu ya rufe masa ciki. Ta dafe ƙirji. Ta ce wace marar imani ce ta yar da jinjiri a rana haka? Ku dubi gashinsa, ko kwana bakwai bai yi ba. Ta sure shi, ta karkaɗe shi, ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da majanyi tamau. Maigari ya kama ihu yana cewa shi ne Maigari. Dodanniya ta ce yunwa ce, ta fara jijjiga shi tana zagaye fili:

“Yi shiru, ɗan jinjiri,
Gashinka bai zube ba,
Yi shiru, ɗan jinjiri,
Ba ka san komai ba.”

Daga cikin rumbu aka ji wani dattijo ya kasa riƙewa. Daga cikin randa ma aka ji.

Hajo, na ce ki ajiye gyaɗar nan.

Figaggiya ta ce a tsaya ta duba jinjirin. Ta yi tsalle ta hau kafaɗar dodanniya, ta kai bakinta kunnen Maigari, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, yau ce ranar kasuwa, ga gashi na samo. A kawo ƙaro in manna, in cika umarninka. Sai dai ka sani, waɗannan suna bi na ne don ba ni da gashi. Suna ganina da shi za su gane da daminar bara aka haife ni. Kuma tun jiya ba su ci komai ba.”

Maigari ya dubi haƙoran Sanƙau. Ya dubi damin gashi. Ya ce da raɗa, don Allah kada ta sa.

Figaggiya ta ce ba ta ji ba, kunnen tsufa.

Ya ɗaga murya ya ce kada ta sa gashin nan, ta zauna yadda take.

Ta ce na cikin rumbu ba su ji ba, kuma bai ambaci Inna ba.

Sai Maigari Barmo, yana goye a bayan dodanniya, ƙafafunsa na reto, ya buɗe maƙogwaro ya yi shela da kansa. Ya ce kowa ya shaida, Figaggiya kyanwa ce, kuma kyanwar garin nan ce. Ya ce ita da Tabawa za su zauna a ɗakinsu har iyakar ransu. Ya ce duk wanda ya kawo wa kyanwar nan ko silin gashi ɗaya, shi zai bar gari. Aka amsa daga rumbu, aka amsa daga randa, aka amsa daga rijiyar baba, an shaida.

Dodanni suka yi mamakin jinjiri mai magana haka. Figaggiya ta ce ai renonta ne. Ta ce garin nan duka gidan renonta ne, duk masu gashin nan da suka ɓuya 'ya'yan goyonta ne, awakin kuma na nononsu ne, kada ta sake jin an taɓa ko ɗaya. Sanƙau ya ce sun ji, sun bi. Ta ce a sauke jinjirin. Dodanniya ta ce a bar mata shi ko na wata ɗaya ne, ta yi masa wanka ta dawo da shi. Sai da Kaka ta ɓata rai sannan ta kwance majanyi, tana ƙunƙuni. Suka yi sallama, suka juya, dim, dim, dim, har ƙurarsu ta ɓace.

Ran nan wanzami bai ci abincin rana ba. Maza suka yi layi a ƙofarsa har bakin kasuwa, kowa na cewa a yi masa tas. Na farko a layin, kun san shi.

Ita kuwa Tabawa ta dafa sanda ta miƙe. Mutane suka firfito, wannan ya ɗauki tukunyarta, wannan ya ɗauki tabarma, kowa na sunkuyar da kai don kunya. Ta kama hanyar ɗakinta, ta zauna ta huta, ta tashi, ta sake zama. Figaggiya na biye da ita, ba ta wuce ta ba ko taku ɗaya.

Da suka shiga ɗaki, mutane suka watse, sai Figaggiya ta fito da wani ɗan curin gashi da ta ɓoye a bakinta. Ta ajiye a gaban tsohuwa. Duk bakin nan da ta yi wa Sarkin dodanni ya mutu, muryarta ta koma ƙarama.

Ta ce, “Inna, na ji ta bakin Maigari, na ji ta bakin gari. Ke ce ban taɓa tambaya ba. In kina so, in riƙa sawa a cikin ɗaki, ke kaɗai ki gani, ki ji kina da kyanwa irin ta mutane.”

Tabawa ta dubi kyanwarta. Sannan ta ɗauki curin gashin ta jefa a murhu, ya yi ƙauri ya ƙone. Ta ɗago Figaggiya ta ɗora a cinya, ta sa tafin hannu a kan fatar nan mai ɗumi, hawaye na zuba tana dariya.

Ta ce, “Ke 'yar nan, 'yan'uwanki masu gashi duk an zo an zaɓa, ni na ɓoye ki a bayan tukunya don kada wani ya riga ni. Haka na gan ki, haka na so ki. Kwance mini tabarmar nan, bayana ya gaji.”

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗo, kyanwar Tabawa ta cafe. Ƙarya ce na shirya muku, amma abin da ke cikinta ba ƙarya ba ne: kada ku kori wani don halittarsa ta ba ku tsoro, kuma kada ku nemi canza kamanninku saboda wanda ba ya son ku, alhali ga mai son ku yadda kuke. Cindo, tashi ka kai wa magen gidan nan sauran tuwon can, tun ɗazu take kallonka.